Inda ganyen fita ya rage

Shekara 31 ke nan ina ɗaure huhun goro a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, a rumfar da na gada daga Baba, kuma ban taɓa zaton wata rana ganye ne zai gagare ni ba. Goro yakan yi tsada, yakan yi araha, sankara takan shiga ta ɓata maka rabin kaya, motar da ta ɗauko Sakkwato takan kwana huɗu a kan iyaka. Duk wannan mun saba. Amma ganyen fita, wanda a da matan ƙauye ke kawo mana dami-dami har mu riƙa zaɓe muna yarwa, shi ne bana na zauna mako biyu ina jira.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ganye ai ganye ne. Fita faffaɗa ne, mai santsi, ba ya saurin bushewa, kuma a wuri mai laima yake fitowa, bakin rafi ko fadama, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Da shi ake shimfiɗe cikin huhu, a jera goro, a sake rufewa, a ɗaure tamau. Goron da aka ɗaure da fita mai kyau zai isa Kano da sauran ɗanyantakarsa, ka ɓare shi ya yi ƙas a baki. Yaran yanzu sun koma leda. Leda kuwa gumi take sa goro, kwana kaɗan ka buɗe ka tarar ya yi baƙi-baƙi yana wari. Ni dai ban yarda na aika wa abokin cinikina na shekara ashirin kaya a leda ba.

Da matar da ke kawo mini ganyen ta zo daga ƙarshe, dami uku kacal ta sauke, kuɗin kuma ya ninka. Na fara ƙorafi irin namu na 'yan kasuwa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce da Tonanci, harshen mutanen Asante, "Kramo, nsuo no asɛe." Wato ruwan ya lalace; Kramo kuwa haka suke kiran musulmi. Ta ce fadamun da suke yankar ganyen duk masu haƙar zinariya sun tone su, sai wuri ɗaya a ƙauyen Agya, can ma ba kowace rana ake bari a shiga ba.

Agya tsoho ne da Baba ya riƙa sayen goro a hannun mahaifinsa, ni kuma nake saye a hannunsa. Rabona da ƙauyen shekara shida, tunda waya ta zo sai dai ya aiko kaya in tura kuɗi. Ranar wata Asabar na tafi tashar Sofoline na shiga motar Nyinahin. Bayan Nkawie na fara leƙe ta taga. Da muka zo gadar kogin Offin sai na ji ƙarar injinan nan da ake kira canfan tun kafin in gan su, suna zuƙo laka daga ƙasan kogi suna amayarwa. Ruwan ya yi kauri kamar kokon da aka dama ba a sirka ba. Ina yaro na taɓa yin alwala a wannan kogin ina ganin yatsun ƙafata a ƙasa. Mu mutanen Kumasi daga madatsar Barekese muke sha, ita ma a kan Offin ɗin take, sa'armu dai tana can sama da inda ɓarnar ta fi yawa.

Agya ya tarbe ni da sandarsa da tsohon zanensa a kafaɗa. Ko ruwa ban gama sha ba, na leda ne ma, ya ce in taso. Muka bi hanyar gonar da na sani, inda a da koko ke ƙasa, itatuwan goro na sama suna yi masa inuwa. Babu gonar. Jar ƙasa ce tuli-tuli, da ramuka cike da koren ruwa, da sawun katafila, da kututturen wani goro da aka tumɓuke aka jefar gefe saiwoyinsa na kallon sama. Ya nuna shi da sanda ya ce, "Wannan mahaifinka ya sha sayen 'ya'yansa." Gonar ta ɗan'uwansa ce da ya rasu, kuma da yake Tonawa ta wajen uwa suke gado, ɗan 'yar'uwarsu ne ya gaje ta, yaron da ya girma a birni bai taɓa riƙe adda ba. Aka kawo masa kuɗi a jaka, ya sa hannu. Wata biyar suka yi suka tashi. Bara wani yaro ɗan shekara tara ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan, sai gawarsa aka ciro.

Muka ci gaba, muka hau wani ɗan tudu, sai ga kurmi tsaye a gabanmu kamar an yanka da wuƙa: nan jar ƙasa, taku goma gaba kuma duhun itatuwa. Agya ya tuɓe takalmansa, ni ma na tuɓe nawa. Muna shiga sanyi ya buge ni. Ga rimi mai gindi kamar ɗaki, ga igiyoyin daji sun sauko daga sama, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye, tsuntsaye na ta kuka ba ka ganinsu. A tsakiya wani ido ne ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, ruwan garau, da 'yan ƙananan kaguwa a ciki. Gefe da gefen ruwan kuwa fita ne shar, har ƙugu. Na tsuguna na shafa ganye ɗaya, na ji ƙwalla ta zo mini, ni da na zo neman abin ɗaure kaya.

Nan ne makabartar sarakunansu na farko, nan kuma rafin garin ya faro. Ba a sare itace, ba a kunna wuta, ba a shiga da takalmi, ba a shiga ranar Alhamis, ranar da suke cewa ta Asaase Yaa ce, uwar ƙasa a addininsu, ƙasa na hutawa. Mata na yankar fita kwana biyu a mako, da hannu da ƙaramar wuƙa, ba a tuge saiwa. Agya ya ce masu haƙar sun auna sun ce zinariyar da ke ƙarƙashin idon ta fi ta ko'ina. Sau uku suka zo. Zuwa na biyu har sarkin garin ya fara laushi, don an yi masa alkawarin mota. Uwar sarauta, wadda suke kira Ohemaa, ita ce ta tara dattawa, ta ce a tambaye shi a gabanta in ya mutu a wane rami za a sa shi. A wajen Tonawa ita ke zaɓo wanda zai hau kujera, ita ce kuma ke da bakin yi masa faɗa a bainar jama'a. Zuwa na uku cikin dare suka shigo da katafila a kan babbar mota. Wani mai ɗiban bammi ya gan su, aka buga ƙuge, gari ya fito da fitilu, tsofaffin mata suka zauna dirshan a kan hanya har gari ya waye. Motar ta juya. Tun daga ranar samari huɗu ke kwana a bakin kurmin, ana karɓa-karɓa.

Sai in faɗi gaskiya a nan. Muna yara a makarantar allo, irin waɗannan wurare tsafi muke ce musu, muna wucewa muna tofar da yawu. Har gobe ban yarda akwai wani mai iko a cikin dutse ko rafi ba, Allah ɗaya ne. Amma na tsaya da ƙafafuna a wurin na ga abin da ya saura da abin da bai saura ba. Gonakin da ke da takardu da hatimi sun tafi. Wurin da ba shi da takarda ko ɗaya, sai tsofaffin da suka ce a'a, shi ke tsaye. Kuma da na dawo na ba wa limaminmu labari, bai yi mini wa'azin shirka ba. Cewa ya yi ai mu ma muna da hurumi a addini, mantawa muka yi: Manzon Allah (SAW) ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina ya hana a mallake shi, kuma ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Na ce to Malam, me ya hana mu ji wannan a huɗuba? Ya yi murmushi ya dubi sabon tayil ɗin masallaci. Duk unguwa an san wanda ya saya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu 'yan zango mun fi kowa cin albarkar kurmin nan, kuma mun fi kowa nuna ba ruwanmu da shi. Me ya kawo Bahaushe ƙasar nan tun farko? Goro. Kakanninmu ayari suke yi daga Kano da Katsina, da jakuna ɗauke da kanwa da ƙirgi da tufafi, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga, fataucin da ake kira na Gwanja. Sarakunan Asante ba sa barin fatake su wuce su shigo kurmi, su ke kai goron can. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 hanyar ta rikice, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mutanenmu, sannan bayan 1900 suka gangaro suka kafa zango a Kumasi. Itacen goro ba ya rayuwa a Sahel. Yawancin goron ɗaurin aure da na suna da aka raba a ƙasar Hausa a waɗancan shekaru, wani Batone ne ya tsinto shi a ƙarƙashin inuwa irin wadda na shiga. Amma ka tambayi yaron Aboabo ko Sabon Zango yau ina goro ke fitowa, zai ce maka a faranti.

Ba kallo kaɗai muke yi ba, da hannunmu a ciki. Ɗan ƙanwata ya gama sakandare ya zauna shekara uku ba aiki, sai ya bi abokansa galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wajen Manso. Ya dawo da babur, ya sake wa uwarsa kwanon ɗaki. Na ga yadda yake ƙona zaiba: ya murza ta cikin baƙin yashi ta kama zinariyar, ya dunƙule, ya ɗora a kan garwashi yana hurawa da baki, hayaƙin na shiga hancinsa. Na ce wannan hayaƙin guba ne, yana taruwa a jiki yana cin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ya ce, "Kawu, huhu nawa za ka ɗaure ka sami abin da na samu a wata ɗaya?" Ban da amsa. Masu sayen zinariyar a hannunsu ma wasu alhazanmu ne, muna sahu ɗaya da su. Shi ya sa in na ji ana zagin 'yan Sin masu haƙar kaɗai nakan yi shiru. An kori sama da 4,500 daga cikinsu a 2013, haƙar ba ta tsaya ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Su Agya sun kori katafilar dare, amma akwai wadda ba a korarta da ƙuge, ita ce mai zuwa da rana da takarda daga Akra. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992, a sashe na 257, ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa ko ƙarƙashinta na jamhuriya ne, yana hannun shugaban ƙasa amana ga jama'a. Wato gonarka taka ce iya inda garma ke kaiwa. In an ba wani lasisi a kan abin da ke ƙasa, diyya kawai za ka yi ciniki a kanta. A 2022 ma aka kawo wata doka mai lamba L.I. 2462 da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun dajin gwamnati, abin da ya tayar da ƙura sosai. Yankin Nyinahin kuwa, ban da zinariya, an daɗe da sanin yana kan tarin boksait, dutsen da ake fitar da alminiyam na tukwane da kwanon rufi. Shi boksait ba rami ake yi masa ba, saman tudu ake kwashewa gaba ɗaya, itace da ƙasa da komai. Agya ya san wannan. Ya ce ranar da suka zo da 'yan sanda da takarda, bai san ko zaman tsofaffin mata zai isa ba.

Mutanen Atewa sun riga su shiga wannan halin. Atewa kurmin tsauni ne a ƙasar Akyem, kusa da Kyebi, daga nan kogunan Densu da Birim da Ayensu ke tasowa, kuma Densu ne ke cika madatsar Weija da yammacin Akra ke sha. Ana lissafin mutum miliyan 5 ne ke dogara da ruwan da ke fitowa daga can. Da gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin a 2018, a gina hanyoyi a biya da kuɗin boksait, sai idon hukuma ya koma kan tsaunin. A watan Maris na wannan shekarar mutanen yankin suka tako da ƙafa kilomita 95 daga Atewa zuwa Akra, kwana shida, ɗauke da ruwan kogunansu don su kai fadar shugaban ƙasa. Shugaban na lokacin, Nana Akufo-Addo, ɗan Kyebi ne, shi ne kuma ya ce a 2017 ko zai rasa kujerarsa sai ya yaƙi galamse. A 2020 ƙungiyar kare muhalli ta A Rocha Ghana da wasu suka maka gwamnati a kotu a kan kurmin. Akwai ma wani kwaɗo da babu irinsa a ko'ina a duniya sai rafukan Atewa, masana suka raɗa masa sunan garin Sagyimase a 2021. Na yi dariya da na ji an girmama gari da kwaɗo, amma mutanen garin da alfahari suke faɗa.

'Yata ta biyu da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ita ta nuna mini a wayarta cewa wannan faɗa ba namu kaɗai ba ne. A ƙasar Ekwado, cikin kurmin Amazon, akwai wata ƙaramar ƙabila da ake kira Kofan, a wani ƙauye Sinangoe, bakin kogin Aguarico. Su ma masu haƙar zinariya ne suka shigo musu. Su ma samari suka kafa masu gadi, sai dai nasu da kyamarorin da ake ɗaurewa a itace da jirgi maras matuƙi, suna ɗaukar hoton kowace katafila da ranar da ta shigo. Suka gano gwamnati ta raba lasisi a saman koginsu ba tare da an tambaye su ba. Suka kai ƙara da hotunansu, a 2018 kotu ta soke lasisi 52. Shekara ta zagayo, a 2019, 'yan ƙabilar Waorani ƙarƙashin wata mata, Nemonte Nenquimo, suka yi nasarar hana gwanjon kusan eka 500,000 na ƙasarsu ga kamfanonin man fetur, bisa hujjar cewa tuntuɓar da aka ce an yi musu ta jeka-na-yi-ka ce. Abin da na tsinta a labarin shi ne dokar ƙasarsu ta ce dole a tambaye su kafin a taɓa ƙasar, don haka a'ar tsohuwa tana da ƙofar shiga kotu. Kuma su ma ba su huta ba. A watan Agustan 2023 kusan kashi 59 cikin 100 na masu zaɓe a ƙasar suka ce a daina haƙar mai a wani yanki na gandun Yasuni, shekara ta cika yawancin rijiyoyin na nan suna aiki.

Ba zan ce duk ɗan ƙasa mai gadi ba ne. Wanda ya sayar da gonar goron nan jinin Agya ne. Sarakuna da yawa su ke karɓar kuɗin, shi ya sa sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya tuɓe wasu daga kujerunsu a 2023 da 2024 saboda galamse. Sojoji ma an tura tun 2017, an ƙone katafiloli, an kama yara irin ɗan ƙanwata, manyan kuwa shiru. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Adansi da mutum takwas, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, suna hanyar Obuasi wajen taro a kan wannan matsalar ta haƙa. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Zango ya yi makoki sosai, an yi addu'o'i a masallatai. Mako biyu bayan haka na ji yara na lissafin farashin zinariya a bakin shagon mai shayi.

Kafin in baro ƙauyen na tambayi Agya ko akwai abin da zan yi musu. Na ɗauka zai ce in kai maganar rediyo ko wajen wani babba. Ya ce samarin da ke kwana a bakin kurmi ba su da fitilu masu kyau, damina kuma ga sauro, wayar ɗayansu ta faɗa ruwa. Shi ke nan. Da na dawo na zagaya rumfunan 'yan goro da hulata a hannu. Wasu suka ba da sidi ashirin, wasu hamsin. Wani dattijo ya ce shi ba zai sa kuɗinsa a gadin gunki ba, na ce to Alhaji sa a gadin ganyen da za ka ɗaure kayanka, ya yi tsaki ya zaro sidi goma. Muka sayi tocila shida a kasuwar Kejetia, da gidan sauro huɗu, da takalman roba, da waya ƙarama mai riƙe caji.

Na kai da kaina ranar Talata, ranar yankan fita. Ohemaa ta karɓa, tsohuwa ce ƙanƙanuwa da ba ta kai kafaɗata ba, ta jujjuya tocila ɗaya ta haska mini fuska da rana tsaka tana dariya. Ta ce, "Kramo, kakanka goro ya zo saye, kai kuma ka zo gadi?" Na ce Nana, ganye na zo saye. Ta sa aka ɗaure mini dami biyar, na miƙa kuɗi, ta karɓa ta ƙirga har sau biyu, ta ce saura sidi biyar.